Ƙanƙarar gishiri ba ta jira

Har yau in na tuna tiren nan raina sai ya sosu. Kimiyya nake koyarwa a wani lise a nan Maradi, kuma na so yara su gani da idonsu cewa ƙanƙarar teku ba ta kai ta ruwan daɗi ƙarfi ba. Teku kuwa ina muka gan shi? Sai na dama giram 35 na gishiri a kowace lita, daidai da ruwan teku. Hajiya maƙwabciyata mai sayar da ƙanƙara ta ba ni gefen firijinta kwana biyu, a tsakiyar Afrilu da cinikinta ke ci. Jika uku na biya ta.

Awon ba wuya. Sandar ƙanƙara mai faɗin santimita 4 da kauri 3, a ɗora ta kan katako biyu masu tazarar santimita 25, a rataya bokiti a tsakiya da robar tayar keke, a dinga zuba ruwa lita-lita har ta karye. Masu bincike a Kanada da Finlan ma karyawar suke yi, har sukan yanka doguwar sanda a jikin ƙanƙarar da ke kan teku, su danna bakinta sai ta tsage.

Abin da ya kayar da ni gaggawa ce. Na kwaso sandunan duka goma a tire ɗaya, muka fara da na ruwan daɗi. Sun ɗauki kusan lita 14, yara na ta tafi. Kafin mu waiwayo kan na gishirin, tiren ya cika da ruwa mai zartsi, sandunan sun yi fari fat kamar alewa. Ta farko bokiti ba komai a ciki ya karya ta.

Kuma na san karatun! Ruwan teku sai wajen digiri 2 ƙasa da sifiri yake daskarewa, gishirin na maƙalewa cikin ƙananan ramuka a matsayin ruwa, da ɗumi ya taɓa su sai su faɗaɗa. Ashe zafin Afrilu muka auna.

Na koma wurin Hajiya. Ta ce, "Malam, wani jika ukun?" Na biya. Wannan karon kula na ɗauko, muka riƙa zaro sanda ɗaya-ɗaya, a auna kaurinta nan take, don in kauri ya ninka biyu nauyin da za ta ɗauka ninki huɗu yake yi. Na gishirin suka riƙe wajen lita 2. In za ku gwada, ku fara da su, kuma kada ku buɗe kular sai bokiti na hannun yaro.