Ɗan mahauci a gidan naman Dubai

A Dubai rabin aiki a kan teburin abinci ake ƙulla shi. Watannina na farko a wani kamfanin jigilar kaya da ke Jabal Ali, daga ofis sai ɗakina a Deira, kusa da Naif inda 'yan kasuwarmu ke sauka. A can za ka ji Hausa a bakin titi, ka samu tuwo da miyar kuka, kuma wurin ya riƙe ni lokacin da kewar gida ta yi tsanani. Amma na lura abokan aikina suna sabawa da juna a wuraren da ba na zuwa. Da shugaban sashenmu ya gayyace mu wani gidan gasa nama na masu hannu da shuni, ban nemi uzuri ba.

Tun daga ƙofa na ja na tsaya gaban wani dogon firiji mai gilashi. An jera manyan yankan gadon bayan sa, samansu ya bushe ya yi duhu, kowanne da takarda mai kwanan wata. Ni ɗan gidan mahauta ne, na tashi ina wasa wa Baba wuƙa a rumfarsa, kuma a wurinmu naman da ya kwana darajarsa ta faɗi. A nan da gangan ake ajiye shi mako uku ko huɗu, wani ma fiye, cikin sanyi da iska mai kaɗawa, har ruwan jikinsa ya tsane, tsokar ta yi laushi. Sai a fere busasshen bayan a zubar. Wannan asarar nauyi tana cikin abin da ke ɗaga kuɗinsa.

Ma'aikacin ya kawo ɗanyun yanka a kan katako don mu zaɓa. Ga Angus na Amurka, irin da asalinsa daga Sikotilan ne, mai hatimin Prime, wato matakin ƙoli na ingancin nama a can Amurka. Ga na Ajantina, ja wur, na shanun da suka tashi a kan ciyawa. Sai Wagyu, irin shanun Japan, wanda kitse ya ratsa tsokarsa sili-sili har ta koma fari-fari. A Japan suna auna wannan kitsen daga 1 zuwa 12, a ma'aunin ingancin naman gaba ɗaya kuma A5 ne matakin ƙoli. Wanda aka fi samu a nan na Ostireliya ne, inda aka kai irin a shekarun 1990.

Batun yanka bai dame ni ba, don naman da ake shigowa da shi ƙasar sai da takardar shaidar halal. Abin da na tambaya shi ne ko akwai giya a romon da ake zubawa a gefe, aka nuna mini wanda babu. Jan ruwan da ke fita idan an yanka naman kuwa ba jini ba ne, jini ya tafi tun a mayanka, sinadarin da ke ba tsoka launinta ne. Duk da haka na ce nawa ya ɗan ƙara jin wuta.

Gishiri kawai aka barbaɗa, ba yaji ba ƙuli. Lomar farko ta narke kafin in gama taunawa, na ce a fili, wannan ai ɗanɗanon tozo ne. Wani abokin aikina ɗan Burazil ya ajiye cokali, ya ce su ma suna gasa tozo a hankali na sa'o'i, don yawancin shanunsu masu tozo ne, asalinsu daga Indiya. Daga nan hira ta ɓarke. Na ba su labarin shanunmu Bunaji da Rahaji da Bokoloji, da yadda ake shanya kilishi a rana kafin a tsoma shi a labu. Mutanen da iyakarmu gaisuwa a lif suka yi ta jefo mini tambaya har aka kwashe kwanuka.

Washegari na kira Baba, na faɗa masa cewa a Japan kowane sa yana da lamba mai alƙaluma 10 da ake bin tarihinsa da ita tun daga haihuwa.

Ya ce, "To, Allah mai iko. Mu kam ido da hannu ne ma'auninmu. Ka ci ka ƙoshi dai ko?"

Na ce, "Na ƙoshi, Baba."

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne shanunmu ba su da laifi. Bijimin da aka loda a tirela daga Maigatari ko Potiskum, ya yi kwanaki a tsaye ba isasshen ruwa kafin ya isa Legas, ta ina namansa zai yi laushi? Da zai samu hutu da abinci da sanyin ajiya, da an san da zamansa a irin wannan tebur.

Gidan naman dai ba wurin zuwana ne duk wata ba, farantin mutum ɗaya ya kai cefanena na mako. Ranar Asabar mai zuwa ni da ɗan Burazil za mu zaga wajen mahautan Deira neman tozo. Shi zai kawo gawayi, yajin kuma nawa ne.