Kosobo da Tambayar da Masu Zanga-zanga Ba Su Amsa Ba

Na daɗe ina ɗauka cewa duk wanda ya fito kan titi yana neman a daina yaƙi shi ke da gaskiya. Yaƙin Kosobo na 1999 ne ya girgiza mini wannan tunani, kuma har yau bai bar ni na huta ba.

A 1989 gwamnatin Slobodan Milosevic, jagoran Sabiya a tarayyar Yugoslabiya, ta soke cin gashin kan da lardin Kosobo na Sabiya yake da shi, alhali mafi yawan mazaunansa 'yan ƙabilar Albaniya ne. A Janairun 1999 aka kashe mutum 45 'yan ƙabilar Albaniya a ƙauyen Racak na Kosobo. A lokacin duniya ba ta manta da Srebrenica ba, inda a Yulin 1995 dakarun Sabiyawan Bosniya suka hallaka maza da samari Musulmi kimanin 8,000, a garin da Majalisar Ɗinkin Duniya da kanta ta ayyana a matsayin tudun mun tsira.

Ranar 24 ga Maris, 1999 ƙungiyar tsaro ta NATO ta fara ruwan bama-bamai a kan Yugoslabiya, ta shafe kwana 78 tana yi, ba tare da izinin Kwamitin Sulhu ba, domin an san Rasha za ta hau kujerar na-ƙi. Jama'a suka fito zanga-zanga a Girka da Italiya da Jamus, har aka jefi ministan harkokin wajen Jamus, Joschka Fischer, da jan fenti a taron jam'iyyarsa saboda ya goyi bayan harin.

Ba na raina hujjarsu. Jiragen NATO sun faɗa wa jirgin ƙasa na fasinja a kan gadar Grdelica, sun kuma kai hari ofishin jakadancin Sin a Belgrade, babban birnin Yugoslabiya, inda mutum uku suka mutu. Korar 'yan ƙabilar Albaniya da dakarun Sabiya ke yi ma bayan fara harin ta tsananta, har mutane fiye da 800,000 suka tsere daga Kosobo. Abin da ya fi ci mini rai shi ne, bayan an tsagaita wuta a watan Yuni, Sabiyawa da 'yan ƙabilar Roma, wata ƙaramar ƙabila a lardin, sun sha ramuwar gayya, dubbai suka bar gidajensu, sojojin da aka tura kiyaye zaman lafiya kuma suka gaza kare su.

Duk da haka, da a ce ina cikin taron da ya fito a Atina ko Rum, da na tambayi na kusa da ni abin da za a yi wa matar da aka kashe mijinta a Racak idan jiragen suka koma gida. An gwada takunkumi a Bosniya, an yi ta tattaunawa, an tura masu sa ido, kuma duk suna nan lokacin da aka tona manyan kaburbura. Na yarda cewa yadda aka yi yaƙin daga sama, don kada sojan NATO ya mutu, ya jawo asarar rayukan fararen hula da za a iya kauce wa. Amma na kuma ga cewa mafi yawan waɗanda suka gudu Albaniya da Masadoniya sun koma garuruwansu cikin 'yan makonni bayan janyewar sojojin Sabiya.