Ƙannena masu zuwa horon lafiya na mishan, ku ji abin da ya same ni

Na ga samari da 'yan mata nan Marwa, a arewacin Kamaru, suna ta rububin horon da 'yan mishan ke bayarwa na kula da lafiya a ƙauye, shi ya sa na ce bari in ba ku nawa labarin, don ni ma na je ina ɗan ashirin da 'yan kai, kuma gaskiya burina kawai a ce min dokta.

Abin da na tarar haushi ya ba ni. Sistar da ke koya mana, dattijuwa ce da ta fi ni jin Fillanci, kwana uku cur tana kanmu a kan abu ɗaya, haɗa ruwan gishiri da sukari da ake ba mai zawo: ruwa mai tsabta lita ɗaya, sukari ƙaramin cokali shida a shafe, gishiri rabin ƙaramin cokali. Sai ƙirga numfashin yaro da agogo, ɗan wata 2 zuwa 11 in ya kai 50 a minti, ko ɗan shekara 1 zuwa 5 ya kai 40, a yi zargin limoniya a tura shi asibiti. Sai zaren awon dantse, in ya sauka ƙasa da santimita 11.5 ya shiga ja, tamowa ce mai tsanani. Allura ko ɗaya ba a nuna mana ba. Tana yawan kawo zancen taron Alma-Ata na 1978, inda ƙasashe suka yarda a kai lafiya inda talaka yake, kuma irin aikin da asibitin Katolika na garin Tokombere da ke arewa da Marwa ya yi suna a kai ke nan. Ni kuwa a raina cewa nake wannan ai ko kakata ta iya.

Da na koma gida mutane ba sa ganin ka yi magani in ba ka tsira musu allura ba, sai na shiga kasuwa na sayo sirinji da kwalaben allura a hannun masu tebur. Wata rana da damina, bayan isha'i, matar maƙwabcinmu ta kawo 'yarta 'yar wata tara, zawo da amai tun safe, ta ce "Malam don Allah ka taimake ni." Na yi mata allura, kuma na ce ta dakata da nono har cikin ya lafa. Wallahi har yau in na tuna wannan maganar jikina sanyi yake. Da asuba maɗigar yarinyar ta faɗa, idanu sun zurma, na ja fatar cikinta na saki ta tsaya a tattare kamar tsumma. Mayo, wato rafin da ke kan hanyarmu, ya cika, sai da muka zagaya a babur kusan awa biyu uwar na rungume da ita a baya kafin mu isa asibiti aka sa mata ƙarin ruwa. Allah ya yi da sauran kwananta. Nas ɗin tambaya ɗaya ta yi min, ka ba ta ruwan gishiri da sukari? Alhali fakitin garin haɗa ruwan yana cikin jakar da ke rataye a kafaɗata.

Don haka ƙannena, yaro mai zawo ba a tsayar masa da nono, a riƙa ba shi ruwan nan kaɗan-kaɗan ko yana amai, a haɗa da ƙwayar maganin zinc kwana 10 zuwa 14, in ya kasa sha ko jikinsa ya saki kada ku jira gari ya waye. Abin da ba a koya muku ba kada ku taɓa, ko da dattijon gari ne ya matsa, gara ya ce ba ku iya komai ba.

Masu tsoron zancen addini kuma, ku tambaya tun farko me ke cikin horon. Inda na yi suna addu'arsu da safe, ni ina fita in yi sallata a kan lokaci, babu wanda ya hana ni.

Bayan sati ɗaya na kwashe sirinjin na kai wa sistar na faɗa mata komai. Ta ce in zauna, ta miƙo min cokali da kwalbar lita ɗaya, ta ce in haɗa ta gani.