Ga lufus, ga cutar Shulman a jiki ɗaya

Na daɗe ina zaune da lufus, cutar da garkuwar jiki ke juyawa ta yaƙi mai ita. Na san halinta a jikina: ciwon gaɓoɓi, zubewar gashi, jan kumatu in rana ta buge ni. Shi ya sa da hannuwana da ƙwaurina suka kumbura bayan na sha aikin daka a wani biki, kowa a gida ya ce tsohon ciwon ne ya motsa.

Kumburin bai saɓe ba, sai ya rikiɗe ya zama tauri. Fatar ta manne da abin da ke ƙarƙashinta, ba ta tsunkuwa, ta yi 'yan ramuka kamar ɓawon lemu. Zaman tahiya ya gagare ni, wannan kuwa ya fi ciwon kansa taɓa min zuciya. In na ɗaga hannu sama, sai wani siririn kwari ya bayyana daidai inda jijiyar jini ta bi. A kan kwarin nan likitan gaɓoɓi ya tsaya, ya duba yatsuna da fuskata ya ga ba tauri, ya ce, "Hajiya, wannan ba aikin lufus ba ne."

Gwajin jini ya nuna iyosinofil sun yi yawa, wato fararen ƙwayoyin jini masu yaƙi da tsutsa. Lufus kuwa rage fararen ƙwayoyi ta fi yi. A wajenmu tsutsar ciki likitoci ke fara zargi, kuma da gaskiyarsu, don akwai wadda ke bazuwa a jiki in an sha sitiroyid, magungunan da ke danne garkuwar jiki. Sai da aka kawar da wannan aka yi hoton MRI mai nuna cikin jiki, aka kuma yanki tsoka mai zurfi, daga fata har tantanin da ke lulluɓe nama. Tantanin ne ya kumbura ya yi kauri. Ciwon da likitan Amurka Lawrence Shulman ya fara bayyanawa a 1974 ke nan.

Na matsa da tambayar ko lufus ce ta haifo shi. Duka biyun rikicin garkuwar jiki ne, kuma an samu 'yan tsirarun mutane masu ɗauke da su tare, amma yawancin masu cutar Shulman ba su da lufus. Kowace da hanyarta. Lufus na iya kama ƙoda, don haka ban fasa gwajin fitsari ba. Ita Shulman ba kasafai take taɓa kayan ciki ba, sai dai wani lokaci takan zo da matsalar ɓargo, shi ya sa ake bibiyar jinina.

Abin da nake roƙon duk mai lufus shi ne, in sabon abu ya ɓullo, kada ta ƙara wa kanta firednisolon, sitiroyid ɗin da ake ba masu lufus, kafin a ɗebi jini. Maganin na saukar da iyosinofil da sauri, shaidar ta ɓace. Ni bayan gwaji aka ƙara min shi, aka haɗa da metotirezet, shi ma mai danne garkuwar jiki, wanda sau ɗaya ake sha a mako, kuma ba ya haɗuwa da juna biyu. Gashin ƙashi ma da wuri na fara shi, ina miƙe gwiwa da wuyan hannu safe da yamma ko da hawaye, don gaɓar da ta riga ta ƙage da wuya take dawowa. Fatar ta yi laushi a hankali, wuyan hannun hagu ne har yanzu bai gama sakewa ba.