Asusu Biyu a Kan Ma'auni Ɗaya

Tun kafin in fara binciken kammala digirina na biyu na riga na yanke hukunci a zuciyata. A wani kamfanin takaful, wato inshorar Musulunci, nake aiki a Abuja, na yarda da tsarin, kuma burina in nuna da alƙaluma cewa mun fi kamfanonin inshorar rai na zamani iya tattalin kuɗi. Malamin da ke duba aikin ya saurare ni har na gama, ya ce, "To, kawo lissafin tukuna, hukunci ya biyo baya."

Awon ba shi da wuyar fahimta. Ana tara abin da kamfani ya kashe, wato albashi, kamashon wakilai, haya da jari, sai a gwada shi da abin da ya samar: kuɗin da jama'a suka zuba, ribar da ya juyo, da haƙƙin da ya biya magada. Wanda ya samar da yawa da kashe kaɗan shi ne a sama. Da na gama jera alƙaluman, sai ga tsofaffin kamfanonin zamani a saman takardata. Na yi kwana biyu ban buɗe kwamfutar ba.

Dalili na farko a fili yake. A cikin kamfanonin zamani, AIICO tana nan tun 1963, an kafa Leadway a 1970. Mu kuwa sai a 2013 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta fitar da ƙa'idojin takaful, kuma a 2016 Jaiz Takaful da Noor Takaful suka sami lasisi, alhali Sudan ta fara tun 1979, Malesiya ta yi dokarta a 1984. Ƙaramin kamfani dole ya biya haya da ƙwararrun masu lissafi kamar babba, ga kwamitin malaman Shari'a a kai, amma mutane kaɗan ke ɗaukar nauyin. Sannan kamfanin zamani yana zuba kuɗinsa a takardun bashin gwamnati ya kwashi ruwa, mu wannan ƙofa a rufe take. Sai a 2017 gwamnatin tarayya ta fitar da sukuk ɗinta na farko, wato takardar zuba jari ta halal marar ruwa, na naira biliyan 100, domin gyaran hanyoyi.

Amma kuskuren da ya fi girma nawa ne, kuma Malam ne ya gano shi. Ya ɗora biro a kan wani layi ya ce, "Wannan kuɗin na wa ne?" Na yi shiru. Ashe na haɗe asusu biyu na mayar da su ɗaya. A kamfanin zamani, da ka biya, kuɗin ya zama na kamfani, duk abin da ya saura bayan biyan haƙƙi riba ce ta masu hannun jari. A takaful kuwa akwai asusun masu kamfani daban, akwai na mahalarta daban. Abin da mutum ya zuba, wani kaso tabarru'i ne, gudummawa ga duk wanda rasuwa ta riska a cikin mahalarta, wani kason ajiya ce da ake juya masa ta hanyar halal. Kamfani wakili ne kawai, ladan wakilci yake karɓa, ko kason riba idan tsarin mudaraba ake bi, wato jari na wani, aiki na wani, a raba riba. In an sami rara a asusun tabarru'i ana iya raba wa mahalarta, in ya yi giɓi masu kamfani su ba shi rance marar ruwa. Rarar nan da ke komawa aljihun mutane, lissafina bai ma gan ta ba.

Na raba asusun biyu na sake awo, tazarar ta ragu, amma ba ta ɓace ba. A nan kuma na ga abin da bai yi mini daɗi ba. Tunda ladan wakilci tun farko ake cire shi, kamfani zai iya zama lafiya lau alhali asusun mahalarta yana ramewa. Gujewa kuɗin ruwa da garari, wato rashin tabbas a ciniki, wajibi ne, amma bai isa hujjar yin sakaci da kuɗin marayu ba, kuma ina ganin mu ma'aikata mun cika fakewa da kalmar halal idan aka tambaye mu tsada.

Ana cikin haka na je Kasuwar Wuse wurin wani dattijo mai shagon atamfa. Ya bar ni na gama bayanina, yana ninke turmi, sannan ya ce, "Ɗana, a cikin dubu goman da zan riƙa ba ku, nawa ce taku? In Allah ya ja kwanana, me zan karɓa? In kuma ta Allah ta kasance, kwana nawa iyalina za su yi suna sintiri a ofishinku?"

Na ce, "Alhaji, ta farko da ta biyu yanzu zan rubuta maka. Ta ukun sai na duba fayil."

Washegari na zaro fayilolin haƙƙin da muka biya a shekarar, na riƙa ƙirga kwanaki daga ranar da magada suka kawo takardar shaidar rasuwa zuwa ranar da kuɗi ya shiga asusunsu. Shi ya zama babi na biyar a bincikena. Ranar Asabar na koma Wuse da takardar a hannuna.