Ni da albaras, bayan wata takwas

Da farin tabon ya fito a gefen idona, na ɗauka ƙyasfi ne, na yi ta shafe-shafe a banza. Likitar fata ce ta ce min albaras ne, wato bitiligo: garkuwar jikina ke kai wa ƙwayoyin da ke ba fata launi hari. Ba kuturta ba ce, kuma ba a ɗauka, ko da yake har yau wasu na janye hannu in mun zo gaisawa.

Ta ba ni man takrolimus na fuska, domin na siteroyid yana sirantar da fata in an daɗe a kansa. Sai gashin fata da hasken UVB, wani haske na musamman da ake haska wa tabon, sau uku a mako. Wata uku ba labari, har na kusa haƙura. Kwatsam wata safiya na ga ɗige-ɗige masu duhu a gindin gashin girata, kamar an yayyafa ƙasa. Wallahi na daɗe gaban madubi.

Yatsuna kam sun ƙi, dama ta ce su ne masu taurin kai. Akwai man Opzelura da Amurka ta amince da shi don albaras a 2022, shi zan tambaye ta ranar komawa.