Safar hannu a sanyin Winnipeg: in ta matse ki, ajiye ta

Duk mai shirin zuwa Kanada, musamman ɓangaren Manitoba, za a yi ta masa maganar jaket da takalmi, sayi mai kauri, sayi mai kaza, amma safar hannu sai a bar ta kamar ƙaramin abu, alhali hannun ne ya fi shan wahala, shi ke riƙe waya, shi ke laluben katin bas, shi ke kama ƙarfen ƙofa. Kuma jiki in sanyi ya matsa masa janye jini yake yi daga yatsu ya tara a ciki don ya kare zuciya da sauran kayan ciki, shi ya sa za ki ji jikinki lafiya lau cikin jaket amma yatsu sun daskare.

Tawa ta farko baƙar fata ce mai laushi, shafinta na ciki ulun kashmir, kyakkyawa ce wallahi, ta dace da baƙar abayata da kot ɗina, sama da dala ɗari na biya. Na saka lamba 7 na ji ta kama ni sosai, na ce a ba ni 7 da rabi, matar shagon ta ce a'a, ai fata buɗewa take yi, in na ɗauki babba kafin wata ya ƙare za ta min yawa, a matse ake sayenta. Ita ke sana'ar, na yarda da ita. Abin da ya fi ƙona min rai shi ne ba ƙarya ta yi gaba ɗaya ba, fata tana buɗewa, amma a faɗi ne kuma kaɗan, ba ta ƙara tsawon yatsa ko ɗis, sannan wannan shawara ta masu safar ado ce a gari irin Landan ko Vancouver inda sanyi ke yawo kusa da sifili. Ba ta mai tsayuwar jiran bas a titin Portage na Winnipeg cikin Janairu ba ce, lokacin da ma'auni ke nuna 25 ko 30 ƙasa da sifili, iska kuma ta zo ta ɗora nata. Kuma matar nan a garin take zaune fa, ta san haka, ta gan ni baƙuwa.

Ranar da abin ya faru bas ne ya makara. Da farko zogi, daga nan sai zogin ya ɗauke gaba ɗaya, kuma wannan ɗaukewar ita ce abin tsoro, ba sauƙi ba ne. Ina isa gida na kasa juya makulli, maƙwabciyarmu ce ta buɗe min, wata dattijuwa 'yar Damagaram da ta daɗe a ƙasar. Ta ce, "'Yata, ciro hannun nan in gani." Kan yatsuna uku sun yi fari fat, sun yi tauri. Na nufi hita ta riƙe ni, ta ce ko kusa, kuma kar in murza, ta kawo ruwa mai ɗumi irin wanda za a yi wa jariri wanka da shi ta tsoma min hannun. Dalilin shi ne fatar da ta mutu da sanyi ba ta jin zafi, za ki ƙone ba ki sani ba, murzawa kuma ƙara raunata naman take yi. Lokacin da jini ya fara dawowa na yi hawaye, ban taɓa jin raɗaɗi irin wannan a hannu ba. Bayan nan fatar kan yatsun ta sale, kuma har yau su ne ke fara min ciwo da zarar sanyi ya shigo. Na mayar da safar shagon suka ce an riga an saka, ba sa karɓa.

Dattijuwar nan maƙwabciyarmu ce ta ɗauki safar ta juya ta, ta ce min ba laifin fatar ba ne, matsi ne. Safa ba ta kawo zafi daga ko'ina, kamar kular abinci take, ɗumin da aka zuba mata shi take riƙewa, kuma abin da ke riƙe ɗumin shi ne 'yar iskar da ke tsakanin hannu da shafi da wadda ke cikin ulun kansa. In ta matse, ta danne ulun ta kore iskar, sannan ta takura jinin da dama ƙyar yake isa yatsu. Wato hasara biyu a lokaci ɗaya, kuma kin biya kuɗi kin saya.

Awon ba wuya. Ki samo tef ɗin tela ki zagaya tafin hannun da kike aiki da shi, ta kan gaɓoɓin da yatsu suka tsiro, banda babban yatsa, abin da ya nuna a inci shi ne lambarki, in santimita tef ɗin yake ki raba da 2.54. Sai ki sake aunawa daga kan yatsan tsakiya zuwa inda tafi ya haɗu da wuyan hannu, wanda ya fi yawa cikin biyun shi za ki bi. Ni a nan na gane yatsuna dogaye ne, ƙaramar ta maza ta fi zauna min a kan matsakaiciya ta mata, don haka kar ki tsaya a layin mata kawai, kuma S da M da L ɗin nan kowane kamfani da nasa, ba abin dogaro ba ne. Amma tef ma ba ya gama magana, sai kin saka. Ki dunƙule hannu sosai, in kin ji tana ja a bayan hannu ko kan yatsu sun tokare ƙarshe, ajiye ta ko nawa aka rage mata. Ya kamata ki iya tsunkule ɗan rara a kan kowane yatsa, kamar rabin santimita. Kuma ki gwada da siririyar safar ciki da za ki riƙa sakawa, ta siliki ko ulun merino, ba auduga ba, auduga tana shan gumi ta riƙe shi ta koma tana sanyaya ki. Masu zobba da masu tara farce, ku lissafa da wannan ma, ni dai zobe na daina saka shi a hunturu. Da an ce min "dunƙule hannu" kawai a shagon nan, da duk wannan bai faru ba.

Hukumar yanayi ta Kanada tana cewa in sanyi haɗe da iska ya kai 28 zuwa 39 ƙasa da sifili, fatar da ke buɗe za ta iya daskarewa cikin minti 10 zuwa 30, in ya kai 40 zuwa 47 kuwa minti 5 zuwa 10 ne. A irin wannan rana maganar mai yatsu biyar ma ba ta taso ba, sai dunƙulalliya, wadda yatsu huɗu ke zama wuri ɗaya suna ɗumama juna, babban yatsa da nasa ɗaki. In kin ga an rubuta Thinsulate, wato wani abin riƙe ɗumi da ake sakawa cikin safa, da lamba kamar 40 ko 100 ko 200, nauyin abin ɗumin ne a giram a kowace murabba'in mita, 40 ta fita daga mota zuwa ofis ce, mai tsayuwa a waje ta nemi ta sama. Ki duba wuyanta kuma, ya zama dogo ya shige cikin hannun jaket ko ya rufe shi, don tazarar nan ta wuyan hannu iska ba ta ƙyale ta.

Maganar kyau kuma, ban haƙura da shi ba kuma ba na ce kowa ya haƙura. Na sake sayen ta fata, ruwan ƙasa, lamba 8, ita nake sakawa zuwa biki ko ranar da sanyi ya sassauta, kuma abin da ya faranta min shi ne fatar da manyan masu ɗinka safa a Ingila suka fi so ta tumaki ce masu gashi ba masu ulu ba, irin na Habasha da namu na Najeriya, saboda siririya ce ga laushi ga ƙarfi. Ta ranakun tsanani kuwa dunƙulalliya ce ta fata mai dogon wuya da aikin duwatsun ado na furanni, irin aikin mutanen Métis, wata al'umma daga cikin 'yan asalin Kanada da ke nan Manitoba, a watan Fabrairu lokacin bikin Festival du Voyageur a unguwar Saint-Boniface za ki gan su a hannun mutane kala-kala. Tana da tsada, amma aikin hannu ne, kuma duk inda na shiga sai an tambaye ni ita.

Abu ɗaya da ya shafe mu musamman: alwala. Kar ki fito daga masallaci ko banɗakin makaranta ki zura hannu da danshi cikin safa, ki tsane shi sosai har tsakanin yatsu, ki shafa man kaɗanya ki bari ya shiga tukuna. In safar ta jiƙe da dusar ƙanƙara ko gumi, ki ciro ta ciki ki shanya daban, ta fatar kuma ki bar ta ta bushe da kanta nesa da hita, don zafi busar da ita yake yi ta ƙanƙance ta tsage, lamba 8 ɗinki ta koma 7.